Farin Shayin Taubashina

Ranar da taubashina ya fara kawo wa Baba farin shayi, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, kuma tun kafin ya ajiye ledar da ke hannunsa na ji hankalina bai kwanta ba. Mutumin da ya shekara bai leƙo mu ba, ko da Sallah sai dai ya buga waya, yau ga shi cikin farar shadda, ya zube gaban Baba yana gaisuwa kamar mai neman aure. Ɗan ƙanwar Baba ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, a gidanmu ya tashi, kwano ɗaya muka ci da shi. Na san shi ciki da bai. In ka ga ya yi irin wannan ladabin, to akwai abin da ya hango.

Ni kuwa na san abin da ya hango, lambun Baba ne. Baba Bagunge ne, a tsibiri aka haife shi. Yana yaro ruwan dam ɗin Kainji ya haɗiye garinsu, aka kwaso su aka zube a ƙauyen da muke yanzu, kan hanyar Warra. Lambun nan shi ne abin da kakanmu ya samu a madadin duk abin da ruwa ya ci. Ba wani makeken fili ba ne, amma ƙasarsa tana son albasa, kuma a tsakiyarsa akwai rijiya mai ruwan daɗi wadda ba ta ƙafewa. Da albasar wurin aka aurar da yayyena, da ita aka yi mini karatu har na zama malamar makaranta a Yelwa. To, a 'yan shekarun nan sai haƙar zinariya ta shigo yankinmu, aka ce an ga alamarta a ɗan tudun da ke saman lambun. An sha aiko wa Baba mutane, yana ba su ruwa su sha ya sallame su. Taubashina kuma a lokacin direba ne wurin wasu 'yan Caina masu sayen duwatsu. Wannan lissafin ko 'yan ajina za su iya shi.

Ya zazzage ledar a kan tabarma. 'Yan gwangwanaye ne masu kyau, kowanne da hoton fure ko na ɗan itace, da rubutun da ba mai iya karantawa a cikinmu. Ya ce maigidansa ne ya ba shi, shi kuma ya ga ba wanda ya dace da shi sai Kawu. Wai sunansa farin shayi, tohon ganyen ake tsinka tun bai buɗe ba, a shanya kawai, sannan a haɗa shi da fure ko ɓawon 'ya'yan itace ya ɗauki ƙamshinsu. Na buɗe ɗaya na leƙa. Wasu 'yan tsinkaye ne sirara masu farin gashi-gashi a jiki, ko kusa ba su yi kama da ganyen shayin da muka sani ba. Na ce masa wannan ai ciyawar da zomo ya ƙi ci ce. Aka yi dariya, har da shi.

Washegari Inna ta yi abin da kowace mace a garinmu za ta yi. Ta ɗora tukunya, ta juye rabin gwangwani, ta daka citta da kanumfari ta zuba, ta bar shi yana tafasa tana jira ya yi ja. Ya ƙi ja. Ta ƙara itace, ya ƙi. Da ta gaji ta zuba madara ta kawo, tana mita wai an cuci yaron nan an ba shi shayin da ya riga ya mutu. Da taubashina ya zo da la'asar ya ji labari, sai da ya dafe kai.

"Haba Inna! Ba a tafasa shi. Kin san abin da kika kashe kuwa?"

"Mi nik kashe? Ganye ne ko ɗan mutum?" in ji Inna.

Ya tuɓe hula ya karɓi buta ya gwada mana. A tafasa ruwa shi kaɗai, a sauke, a jira hucinsa ya kwanta. Sannan a ɗibi ganyen da 'yan yatsu a zuba, a rufe, a ba shi kamar lokacin da mutum zai yi alwala. Ba sukari, ba madara. Ya fito da wasu 'yan kofunan gilashi daga mota ya tsiyaya. Abin da ya fito ruwa ne kawai mai ɗan ɗorawa-ɗorawa, kana hango tabarma ta cikinsa. Inna ta duba ta ce ita ba ta shan ɗaurayen kofi, ta tashi ta ba mu wuri.

Baba fa? Likita ya hana shi sukari tun bara, aka raba shi da shayin madarar da ya saba, kullum da safe sai ya yi ta fushi da kowa kamar mu muka ɗora masa ciwon. Ya karɓi kofin nan ya shinshina. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido. Can ya ce, "Akwai abu ciki. Amma sai mutum ya yi shiru yake jin shi."

Na san Baba, in abu ya shiga ransa ya shiga ke nan.

Cikin ɗan lokaci ya san kowane gwangwani da halinsa. Na ɓawon lemu shi ne na safe, wai yana buɗe masa ido. Akwai na wani ɗan itace da ba mu da shi a nan, mai ja da ɗorawa a hoto, Baba ya ce ƙanin gawasa ne, sai dai ya fi gawasa kunya. Na furen wardi sau ɗaya ya sha ya ture, ya ce shi ba ya shan turaren amare. Wanda ya fi so shi ne na wani farin fure da taubashina ya kira yasmin. Wannan na la'asar ne, kuma ba a taɓa masa shi. Ya gano da kansa cewa ganye ɗaya ana ƙara masa ruwa har ya gaji, kuma zubi na biyu ya fi na farko daɗi, ƙamshin ya sauka, wani ɗan zaƙi ya taso can bayan harshe. Ya gano kuma shayin nan ba ya rufa wa ruwa asiri. Ruwan burtsatsen unguwarmu yana da zartsi, a shayin madara ba ka ji, a wannan kuwa shi za ka fara ji. Sai Baba ya ce a riƙa kawo masa na rijiyar lambu.

Mai kawowa maƙwabcinmu ne na lambu, wani dattijo Bakambare, Kirista, abokin Baba tun suna samari. Gonarsa tana jikin tamu, kullum da safe in zai dawo sai ya ɗauro jarka a bayan babur ya sauke mana, ya zauna su taɓa hira. Baba da kansa ba ya iya zuwa. Gwiwoyinsa sun kumbura, ga damina ta zauna, hanya duk taɓo ce, kuma dama lambun hutawa yake yi sai ruwa ya ɗauke a fara rainon albasa. Taubashina ya ce, "Kawu, ka huta abinka, ni zan riƙa leƙawa." Baba ya sa masa albarka. Ni na ji kamar in yi ihu.

Wani zai ce, to me ya hana ki magana? Na yi! Wallahi na yi har na gaji. Matsalar ita ce ni da shi taubasai ne, ni ɗiyar namiji shi ɗan mace, tun muna yara nake kiransa bawana yana kirana uwar ɗakinsa. Tsakaninmu ba zagin da yake zagi. In na ce masa ɓarawo, wasa ne. In na ce ya zo cin amana, wasa ne. An yi dogon hutu na dawo gida na zauna, kullum ya shigo da la'asar sai na tare shi.

"Kai bawana, me suka yi maka alkawari in ka kai musu lambun kawunka?"

"Sun ce za su ba ni ke in kai kasuwar Yelwa in sayar, uwar ɗakina. Na ce ba mai saye."

Sai gida ya ɗauki dariya, Inna har da riƙe ciki. Na sami Baba shi kaɗai na ce masa ba wasa nake ba, yaron nan ba don Allah yake zuwa ba. Ya ce, "Ku dai ba ku girma. Har kin yi furfura kina kishin ɗan'uwanki?" Na je wurin Inna, ta ce in ji tsoron Allah, maraya ne. Ban taɓa jin haushin wata al'ada tamu ba irin yadda na ji haushin taubasantaka a daminar nan.

Da na ga baki bai yi ba, sai zargina ya koma kan ganyen. Na ce ba yadda za a yi ruwan da ko launi ba shi da shi ya mallake tsoho haka, sai dai in an yi masa wani abu. Na saci kaɗan daga na yasmin ɗin, na ƙulle a bakin mayafi, na kai wa wata tsohuwa mai sayar da sassaƙe da saiwoyi a kasuwar Yelwa. Ta murza, ta shinshina, ta tauna, ta tofar. Ta ce ganye ne da fure, ba komai, amma in ina da saura in ba ta. Ban yarda ba. Na dawo gida na kwashe ganyen da Baba ya gama da shi na ba akuyar Inna, na zauna ina kallonta in ga ko za ta canza hali. Ta cinye, ta lashe kwanon, ta biyo ni har ƙofar ɗaki tana neman ƙari.

Daga ƙarshe na ce bari in gwada a kaina. Wata ranar Juma'a an kai Baba masallaci, Inna ta shiga maƙwabta, na ɗora ruwa na yi yadda na ga ana yi. Na yi bisimilla, na karanta abin da na iya na tofa, na kurɓa ina yatsina fuska tun kafin ya taɓa harshena. Da farko ban ji komai ba sai ruwan ɗumi. Na haɗiye na buɗe baki zan ce a banza, sai ƙamshin furen ya taso mini ta hanci daga ciki, a hankali, kamar wanda ya yi sallama kafin ya shigo. Bayansa wani sanyi-sanyi da ɗan zaƙi suka kwanta mini a maƙogwaro. Na ƙara kurɓa. Na ƙara ruwa na sha zubi na biyu, na tarar gaskiyar Baba ne. Kai, abin nan yana da daɗi! Na ji haushi ƙwarai da ya yi daɗi. Na wanke kofin na goge na mayar inda yake, ban gaya wa kowa ba, amma daga ranar duk sanda gida ya yi shiru sai na dafa nawa. Na gawasar nan mai kunya shi ya zama nawa, har Baba ya fara cewa gwangwanin yana yoyo.

Sai dai daɗin shayi bai wanke mai shayi a wurina ba. Ina lura da shi. Da can a zaure suke zama. Sai ya ce zaure ya yi zafi, a fitar da tabarma gindin darbejiyar ƙofar gida, inda duk mai zuwa masallaci da mai dawowa daga gona sai ya wuce. Rannan kuma ya zo da maigidan nasa, wani ɗan siririn mutum mai tabarau, ba ya jin Hausa sai "sannu" da "na gode". Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai ladabi, da hannu biyu ya karɓi kofi da hannu biyu ya miƙa. Ya ji daɗi da ya ga yadda Baba yake dafawa, ya yi ta ɗaga masa babban yatsa. Suka zauna suna kurɓa suna gyaɗa wa juna kai, garin nan kaf yana wucewa yana kallo. Ina laɓe a zaure na kasa kunne ko za a ambaci lambu. Ba a ambata ba, ko sau ɗaya. Ya sake zuwa bayan nan, nan ma ba a ambata ba. Wannan shirun ya fi komai tayar mini da hankali.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa, kowanne ƙarami, in ka faɗa a ce ka cika neman magana. Maƙwabcinmu ya daina zama. Zai sauke jarka, ya gaisa a tsaye, ya tada babur. Baba ya kira shi ya ɗanɗana shayi, ya ce yana sauri. Na fara tunanin ko shi ma an saye shi. Sannan taubashina ya fara zuwa da katan ɗin ruwan gora, wai shi ne asalin ruwan da ake dafa wannan shayin da shi, Kawu ya bar na rijiya. Na ce a raina, yawwa, ga inda aka zuba abin. Na ɗaga gorunan nan ɗaya bayan ɗaya ina duba murafensu a rana ko an huda da allura. Baba ya gwada sau ɗaya ya ce ƙamshin roba yake ji, a mayar masa da ruwansa. Taubashina ya nace, ya sake nacewa, har Baba ya ɗaure fuska, sannan ya haƙura ya bar zancen.

Sai kuma shi taubashina ya daina sha. Zai zo, ya dafa, ya miƙa wa Baba, shi ya riƙe nasa kofin yana juyawa har ya huce. Yau ya ce azumin nafila yake, gobe ya ce cikinsa ne. Wata rana na gan shi da idona ya karkatar da kofin a bayan tabarma, ƙasa ta shanye.

"Bawana, yaushe ka zama waliyyi? Ko ka zuba wa kawunka abin da kai ba ka iya sha?"

"Ke na zuba wa, uwar ɗakina, ya ƙi kama ki. Mugu ba ya mutuwa da wuri."

Aka yi dariya kamar kullum. Amma na ga bai kalle ni ba da yake faɗa, kuma bai daɗe ba ya ce ana jiransa.

Baba ne ya fara cewa shayin ya canza. Ya ɗauka ganyen ne ya sha iska, ya buɗe sabon gwangwani, duk ɗaya. Ya ce to damina ce, ruwan sama ya dama rijiya, zai kwanta. Bai kwanta ba. Ni ma da nake shan nawa a ɓoye na ji, ƙamshin yana nan amma ƙarƙashinsa akwai wani ɗaci-ɗaci, kamar ka lashi tsohon cokali. Wata safiya ya ce in zubo masa ruwan jarkar a kofin gilashi, ba ganye. Ya ɗaga ya duba. Ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya ce, "Gas. Warin gas na inji nike ji. Mi ya kai inji rijiyata da damina?"

Da maƙwabcinmu ya zo sauke jarka, Baba ya riƙe masa hannun babur ya ce yau sai ya zauna. Ya tambaye shi wa ya kai inji lambu. Dattijon nan ya kalle shi, ya kalle ni, ya sake kallonsa.

"Kai za ka tambaye ni? Ba mutanenka ba ne?"

"Waɗanne mutanena?"

"Masu haƙa mana. Tun tsakiyar damina suke saman lambunka. Ɗanka direba ya kawo su, ya ce ka yarda. Mai unguwa ma haka aka gaya masa." Ya gyara zama. "Na ji zafi, ba zan ɓoye maka ba. Iyaka ɗaya muke da kai tun muna da ƙarfinmu, ka ba da wuri ko ka gaya mini. Amma na ce ƙasarka ce."

"Kuma ka yarda ni zan yi haka?"

"To ya zan ƙi yarda? Kullum gari na ganinka a ƙofar gida kana shan abinsu, har da mai wurin ya zo kun zauna tabarma ɗaya. Wa ke zama ya sha na mutum kullum in ba su daidaita ba?"

Ashe amfanin darbejiya ke nan. Ba a zuba komai a ganye ba, ba a huda gora ba. An dai zaunar da tsoho a bainar jama'a da kofi a hannu, gari ya gani ya yanke hukunci da kansa, kowa kuma ya yi kara ya kama bakinsa. Na so in ce ai na faɗa, amma da na dubi fuskar Baba sai na fasa.

Ya ce a ɗora shi a babur. Inna ta fito tana roƙonsa ya bari a kira yayyena, ko kallonta bai yi ba. Ya ce mini in ɗauko buta da kofuna da gwangwanin yasmin in biyo su. Na ce, "Baba, shayi kuma? Yanzu?" Ya ce in yi abin da aka sa ni. Na tari kabu-kabu na bi bayansu, muna tafe muna zamewa cikin taɓo, ni ina rungume da buta ina zagin taubashina a zuci, zagi na gaske.

Tun daga nesa muka ji ƙarar inji. Ƙasan lambun yana nan yadda na san shi, ciyawa ta rufe kunyoyin bara. Saman kuwa babu shi. Ramuka ne baki buɗe, wasu sun fi tsayin mutum, jar ƙasa da tsakuwa an tula su a kan baƙar ƙasar da Baba ya shekara da shekaru yana kai wa taki. Sun haƙa wani tafki suna wanke ƙasa a ciki, ruwansa kamar kunun kanwa, yana malala yana gangarowa har gindin rijiya. Injin yana bakin rijiyar, baƙin mai ya jiƙe ƙasar wurin. Samari suna ta aiki, da suka gan mu suka gaishe da Baba da fara'a, har wani yana cewa maigida ya zo duba aiki.

Taubashina yana tsaye jikin mota da waya a kunne. Da ya hango mu ya sauke ta a hankali. Ya taho yana murmushin da bai kai ido ba, ni ya fara nufa.

"Uwar ɗakina, har da buta? Yawon shan iska aka fito?"

Ban amsa ba. Tunda muke da shi ban taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Ya tsaya yana jira in rama, na kalle shi kawai. Murmushin ya tafi.

Aka sauko da Baba ya zauna a kan wani dutse kusa da rijiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa taubashina ya ɗauki guga ya jawo ruwa. Ya jawo. Ya ce ya cika buta ya ɗora a wutar da masu haƙa suke dafa abinci. Ya ɗora. Aka kashe inji, wurin ya yi tsit, samarin suka tsaya da shebur a hannu suna kallo. Taubashina ya fara magana, wai dama yana shirin zuwa ya yi wa Kawu bayani, wai saman ne kawai, wai in an gama za a cike ramukan, kuma abin da za a samu ya fi albasar shekara da shekaru. Baba ya ce ruwa ya tafasa, ya sauke. Muka jira hucin ya kwanta, kamar yadda shi ya koya mana. Baba ya ɗibi ganye da yatsunsa ya zuba, ya rufe. Ƙamshin furen nan ya tashi a tsakiyar warin gas da taɓo. Ya tsiyaya kofi ɗaya, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Sha, ɗana."

Ya karɓa.

"Kawu, azumi..."

"Na ga kana tauna goro da muka iso. Sha."

Ya kai kofin kusa da baki ya tsaya. Ya dubi tafkin wankin, ya dubi rijiya. Sai ya ce, a hankali, kamar ba ya so samarin su ji, "Kawu, ba a shan ruwan nan. Akwai zaiba ciki, wadda ake kama zinariya da ita. Tana taɓa mutum. Shi ya sa na kawo maka na gora."

Maƙwabcinmu ya yi salati irin nasu ya dafe babur, don shi ya yi ta ɗauko ruwan da hannunsa. Ni kuwa na tuna duk kofunan da na sha a ɓoye. Baba ya daɗe yana kallon yaron da ya goya a kafaɗa ya kai makaranta.

"Ka sani ke nan," ya ce. "Kana zaune gabana, kai kake dafawa, kai kake miƙo mini. Ina sha ina sa maka albarka."

Taubashina ya durƙusa cikin taɓo da farar shaddarsa yana kuka, yana Kawu ka yafe mini. Baba bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙa hannu ya karɓe kofin daga hannunsa, kada ya sha, ya zubar a ƙasa. Sannan ya ce a ɗaga shi, gwiwarsa ta riƙe.

Mai unguwa da hakimi sun shiga maganar, aka kori masu haƙa, ba wanda ya cike rami ko ɗaya. Na kai Baba asibiti a Yelwa aka ɗebi jininsa, ni ma na miƙa hannu aka ɗebi nawa, Inna tana tambaya ni kuma me ya same ni. An toshe bakin rijiyar da ƙaya don kada yara ko dabbobi su sha. Da ruwa ya ɗauke, maƙwabcinmu ya zo da irin albasa a ƙulle a leda, ya ce ƙasan lambun ai bai taɓu ba, a gwada, shi zai yi aikin. Baba ya karɓi ƙullin ya jujjuya a hannu, ya mayar masa.

"Da wane ruwa za mu ba ta?" ya ce. "Mutane za su ci."

Shekarar nan ba mu dasa albasa ba, kuma ba a sake dasawa ba har Baba ya rasu.